Yadda Ake Zagaya Birnin Krakow na Poland da Kewayensa

Krakow gari ne da ake gani da ƙafa. Shi ne babban birnin Poland har wajen 1596, lokacin da sarki ya kwashe fadarsa ya koma Warsaw, kuma Yaƙin Duniya na Biyu bai rushe shi ba kamar yadda ya rushe Warsaw, shi ya sa gine-ginen da za ka gani na asali ne. Na sha raka baƙi cikinsa, kuma abin da ke ɓata wa mutum tafiya kusan kullum guda ne: gaggawa, da rashin sayen tikiti tun kafin a taso. Kwana biyar sun isa a ga garin da kewayensa cikin natsuwa. In huɗu ne da kai, ka bar mataki na ƙarshe.

Abin da za ka tanada

Fasfo da bizar Schengen. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fito daga Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da takardar banki. Poland na da ofishin jakadanci a Abuja. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya, saboda haka kada ka bari sai ta matso.

Kuɗi. Poland ba ta amfani da yuro, kuɗinta zuloti ne, za ka ga an rubuta zł ko PLN. Kati na aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe 'yan canji saboda banɗakin kasuwa da masu tallar burodi.

Takalmi mai laushin ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi. Titunan tsohon gari shimfiɗe suke da duwatsu, sabon takalmi zai yi maka kanta tun ranar farko. Sai rigar sanyi ko da bazararsu ce, da 'yar lema, da ƙaramar jaka ta ratayawa, domin wurare biyu daga cikin waɗanda za ka je ba sa barin babbar jaka. Ka sayi adafta mai ƙafa biyu zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga soket ɗinsu ba. Ka sa 'yar dadduma mai naɗewa da gorar ruwa ta roba a jaka, don ba a ajiye buta a banɗakinsu. A waya kuma ka sauke manhajar Jakdojade, ita ke nuna tiram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari) ko bas ɗin da za ka hau da lokacin zuwansa.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Mayu, Yuni da Satumba. Yuli da Agusta cunkoso. Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai ratsa ƙashi, a Disamba kuma rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu.

1. Sayi tikiti uku tun kana gida

Da zarar biza ta fito, ka shiga intanet ka kama wuri a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka yi kisan kiyashi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da mahaƙar gishiri ta Wieliczka, da fadar Wawel. Ka fara da Auschwitz domin shi ne ke saurin cika, wani lokaci makonni kafin ranar. Ka saya a shafin kowane wuri na kansa. Shafukan 'yan tsakiya sun yi yawa, suna kama da na ainihi, kuɗinsu kuma ya fi. Takardar shiga Auschwitz da sunanka ake buga ta, kuma za a duba ta da fasfonka a ƙofa, don haka ka rubuta sunan daidai yadda yake a fasfo.

Kada ka haɗa Auschwitz da Wieliczka rana ɗaya. Kamfanonin yawon buɗe ido na tallar haka, ni dai ban taɓa ba wa kowa wannan shawarar ba. Jiki zai gaji, kuma zuciyar da ta fito daga Auschwitz ba ta da wurin kallon abin sha'awa a wannan yinin.

Idan ka tarar an cika, sai ka nemi rukunin da ake yi wa bayani da wani harshe, ko lokacin sassafe, ko kuma a nan ne kamfanin yawon buɗe ido zai yi maka rana, domin sukan riƙe wurare.

2. Isowa da masauki

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Krakow, sai an sauya a wani gari irin su Frankfurt ko Amsterdam. Wanda ya sauka a Warsaw, jirgin ƙasa mai sauri zai kawo shi cikin kamar awa biyu da rabi. Daga filin jirgin Krakow da ke Balice akwai jirgin ƙasa zuwa babbar tasha, Kraków Główny, tafiyar minti ashirin ko kusa da haka, kuma daga tashar zuwa tsohon gari taku ne kaɗan. Kada ka canza kuɗi masu yawa a filin jirgi. A cikin gari ka nemi shago mai rubutun Kantor, ka kauce wa waɗanda ke bakin dandali, ka tambayi nawa za a ba ka kafin ka miƙa kuɗinka. In na'urar cire kuɗi ta tambaye ka ko ta yi maka lissafi da wani kuɗin, ka zaɓi zuloti.

Masauki kuwa, ka nema a gefen tsohon gari ko a unguwar Kazimierz. Kada ka kama ɗaki mai kallon babban dandali ko titin Floriańska, hayaniyar 'yan mashaya ba za ta bar ka ka runtsa ba. Ka kuma tambaya ko ginin na da lifta, yawancin tsofaffin gidaje ba su da ita.

Tikitin tiram da bas na lokaci ne: na 'yan mintoci, na awa, na kwana ɗaya ko uku. Ana saye a na'urar da ke tasha ko cikin motar. Ga inda baƙi ke faɗawa: sayen tikiti bai wadatar ba. Da ka shiga, ka cusa shi cikin 'yar na'urar da ke jikin ƙarfen riƙewa ta buga masa lokaci. Masu bincike na shiga cikin kayan gida, kuma "ni baƙo ne" ba ta hana tara. Haka tsallaka titi alhali fitila na ja.

3. Sallah da abinci

Alƙibla a can kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, don haka kada ka fuskanci gabas yadda ka saba, ka duba manhaja. Da sanyi agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, da bazara suna gaba da awa ɗaya. A watan Yuni magariba na kaiwa kusan ƙarfe tara na dare, asuba kuma ta yi tun tsakar dare bai yi nisa ba. A Disamba kuwa azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, sai ka tsara yawonka da wannan a rai. Akwai ƙaramar cibiyar Musulunci a garin da ake Juma'a, ka nemi adireshinta a intanet kafin ranar. A ƙofar banɗaki, da'ira alamar mata ce, kusurwa uku ta maza.

Alade ya yi yawa a girkin Poland, har inda ba ka zata ba. Ka haddace waɗannan kalmomi ka kauce musu: wieprzowina, boczek, szynka, smalec, skwarki, kiełbasa. Kalmar bez na nufin "ba tare da", ryba kifi ne. Pierogi ruskie, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa dankalin turawa da cuku, babu nama a cikinsa, amma sau da yawa akan barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai, sai ka ce bez skwarek tun wajen oda. Miyar żurek kusan kullum da alade take zuwa. Placki ziemniaczane, wainar dankali ce, tana da daɗi da ƙosarwa. Shagunan kebab suna ko'ina amma ba duka ne na halal ba, ka tambaya. Abinci mafi araha yana gidajen da ake kira bar mleczny, inda za ka ɗauki tire ka bi layi. Da safe kuma ka sayi obwarzanek a wajen masu kekunan tura shuɗaye, burodi ne mai siffar zobe da ake tafasawa kafin a gasa, a barbaɗa masa riɗi ko gishiri. Na safe ya fi, zuwa yamma ya yi tauri. Ruwan famfo ana sha. Ranar Lahadi yawancin manyan kantuna a rufe suke, sai ƙanana irin Żabka.

4. Ranar farko: tsohon gari

Ka fara daga arewa, wajen Barbakan, zagayayyen ginin tsaro na jan bulo da aka gina a ƙarshen ƙarni na 15. Da can ganuwa ce ta kewaye garin, aka rushe ta a ƙarni na 19 aka dasa itatuwa a gurbinta. Wannan lambun, Planty, ya zagaye tsohon gari kamar kilomita huɗu, kuma shi ne alamarka: duk inda ka ɓata, in ka ci karo da itatuwa ka san ka zo bakin gari. Ka shiga ta ƙofar Florian, ka bi titin Floriańska har ya zubar da kai a Rynek Główny.

An shata wannan dandali a 1257, kowane gefe kusan mita 200. Doguwar rumfar da ke tsakiyarsa, Sukiennice, kasuwar tufafi ce ta da, yanzu kayan tsaraba ake sayarwa, musamman dutsen ado mai ruwan zuma da suke kira bursztyn. Ka duba farashi yau, saye sai ranar ƙarshe. A ƙarƙashin dandalin akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2010, inda za ka taka kan titunan da aka tono na ɗaruruwan shekaru. Ya dace da ranar ruwan sama.

Saura minti biyar awa ta cika, ka tsaya gaban cocin Mariacki mai hasumiya biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka ɗaga kai ka kafa ido a tagogin can saman doguwar. Da ƙararrawa ta gama bugawa za ka ga an tura wata 'yar taga, bakin ƙaho mai ruwan zinariya ya leƙo, a busa wani ɗan gajeren take, sai ya yanke tsakiya kamar an shaƙe mai busar. Zai rufe tagar ya koma wata, har kusurwa huɗu, wani lokaci ya ɗaga wa mutanen ƙasa hannu. Ana yin haka kowace awa, dare da rana, kuma ma'aikatan kashe gobara ne ke busawa. Labarin da ake bayarwa shi ne wani mai gadi ne kibiya ta same shi a maƙogwaro yana busar gargaɗi lokacin da mayaƙan Mongol suka auko wa garin, harin da ya faru a 1241. A cikin cocin akwai wani katafaren sassaƙen katako da Veit Stoss ya yi tsakanin 1477 da 1489. Masu kallo ta ƙofar gefe suke shiga da tikiti, ƙofar gaba ta masu ibada ce, kuma namiji kan cire hula. Wanda bai son shiga coci ya tsaya a dandali, busar ma ta ishe shi.

Da rana ka leƙa Collegium Maius, tsohon ginin Jami'ar Jagiellonian da aka kafa a 1364, inda Copernicus, masanin taurari, ya yi karatu. Mai son zane ya je gidan tarihin Czartoryski, akwai aikin Leonardo da Vinci guda a can. Yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa Litinin. Da dare kuma, masu raba takarda da lema a hannu da ke kiran maza zuwa gidan rawa, kada ka ko tsaya amsa musu. An sha yashe wa mutane asusu ta wannan hanyar.

5. Rana ta biyu: Wawel da Kazimierz

Daga dandali ka bi Grodzka, ka ratse ta Kanonicza, ka hau tudun Wawel da ke bakin kogin Wisła. Shiga harabar kyauta ne, amma kowane sashe na fadar da tikitinsa da lokacinsa. Kada ka ce sai ka ga duka. Ni abin da nake fara kai mutum shi ne sashen kayan Gabas, inda aka ajiye tantunan Daular Usmaniyya, da darduma, da tutoci da makamai, ciki har da ganimar da Sarki Jan Sobieski ya kwaso bayan yaƙin Vienna na 1683. Ka matsa kusa ka dubi ɗinkin jikin tantin, furanni ne da bakuna aka yanka aka ɗora ɗaya bisa ɗaya da hannu. Shi kansa Sobieski a babban cocin da ke gefe aka binne shi tare da sauran sarakuna. A hasumiyar cocin akwai ƙararrawar Zygmunt da aka ƙera a 1520. Matattakalarta ta katako ce, matsattsiya, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Da bazara za ka iya sauka ta kogon dodo ka ɓullo bakin kogi, inda gunkin dodon ke feso wuta bayan kowane 'yan mintoci.

Bayan azahar ka taka zuwa Kazimierz. Sarki Kazimierz Babba ne ya kafa shi a 1335 a matsayin gari mai zaman kansa, daga baya ya zama matattarar Yahudawan Krakow na tsawon ƙarnuka. A titin Szeroka za ka ga tsohon wurin ibadarsu da na Remuh mai maƙabarta a bayansa. A na Remuh namiji rufe kai yake yi, hularka ta wadatar, kuma Asabar ba a shiga. Ka tsallaka kogi ta gadar masu ƙafa zuwa Podgórze, inda 'yan Nazi suka killace Yahudawa daga Maris 1941 zuwa Maris 1943. A dandalin da ake tara su a kwashe an jera kujerun ƙarfe babu kowa a kai. Don tunawa aka sa su, ba wurin hutawa ko ɗaukar hoton wasa ba ne. Masana'antar Oskar Schindler, wanda ya tsirar da Yahudawa kusan 1,200, tana kusa, an mai da ita gidan tarihin garin a ƙarƙashin mamayar Jamus. Ita ma tikitinta na ƙarewa da wuri.

6. Rana ta uku: Auschwitz-Birkenau

Wurin yana garin Oświęcim, kimanin kilomita 70 yamma da Krakow. Bas na tashi daga tashar MDA da ke bayan tashar jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, kuma ya fi jirgi sauƙi domin yana sauke ka kusa da ƙofa. Ka isa da rabin awa kafin lokacinka saboda binciken tsaro. Ka ci abinci kafin ka shiga.

Jamusawa sun buɗe sansanin a 1940, da farko don fursunonin Poland. An kashe mutum kusan miliyan 1.1 a nan, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa, sauran 'yan Poland ne da 'yan ƙabilar Roma (Jipsi) da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet. Sojojin Sobiyet suka 'yantar da shi ranar 27 ga Janairu, 1945. Zagaye da mai bayani na ɗaukar kamar awa uku da rabi. A sashe na farko za ka wuce ta gaban gilashi, bayansa tulin takalma, har da na yara ƙanana, da akwatuna da masu su suka rubuta sunayensu da fenti suna zaton za a mayar musu. Akwai ɗakin da aka tara gashin mata da aka aske, an hana ɗaukar hoto a cikinsa. Daga nan bas na kyauta zai kai ka Birkenau, tazarar kilomita uku. Wasu na gajiya su koma daga sashen farko, kuma kuskure ne babba. Sai ka tsaya kan layin dogon da ya shiga ta ƙarƙashin hasumiyar gadi, ka ga filin ya miƙe iya ganinka, sannan girman abin zai shige ka. Fili ne fetal babu inuwa babu mafaka, ka shirya wa rana ko iska.

Ka sa tufafi na mutunci, ka rage murya, ka bar hoton kai da murmushi. Hukumar wurin ba ta ba da shawarar a kai yaran da ba su kai shekara 14 ba, kuma ina ganin gaskiyarsu. Kada ka tsara komai a daren nan.

7. Rana ta huɗu: Wieliczka

Daga Kraków Główny ka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Wieliczka Rynek-Kopalnia, bai kai rabin awa ba, mahaƙar kuma na kusa da tashar. Bas mai lamba 304 ma na zuwa, sai dai tikitin cikin gari bai isa ba, ka sayi wanda ya haɗa da kewaye.

Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a nan, ba a daina don kasuwa ba sai 1996. Duk wanda ya san abin da gishirin Bilma ya zame wa fatake da kasuwanninmu zai gane yadda wannan ramin ya ciyar da taskar sarakunan Poland. Yana cikin wuraren farko da UNESCO ta sa a jerinta a 1978, tare da tsohon garin Krakow.

Ba a shiga sai da mai rakiya. Za a fara da matattakala 380 ta katako, tana juyawa tana juyawa, in ka leƙa ta tsakiya ba ka ganin ƙarshenta. Gaba ɗaya matakalan sun kai 800, tafiyar ƙasa kilomita uku da rabi, zurfi har mita 135. Sanyin ciki bai canzawa, digiri 17 zuwa 18, sai ka riƙe rigarka. Gishirin toka-toka ne kamar dutse, amma ka haska fitilar waya a jikin bango za ka ga haske ya ratsa shi. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne zauren ibada na Kinga, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa, wanda mahaƙa suka sassaƙa da hannu: daɓen gishiri, bangon gishiri, har fitilun da ke rataye ƙwayoyin gishiri ne. Fitowa da lifta ake yi, matsattsiya mai duhu, minti ɗaya ko ƙasa da haka. Ka shiga banɗaki kafin a fara sauka. Tsoho ko mai keken guragu ya tuntuɓi hukumar wurin tun da wuri, suna da gajeriyar hanya ta lifta. Mai ciwon zuciya ko wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, gara ya yi zamansa a sama.

8. Rana ta biyar: duwatsu ko hutu

In da sauran ƙarfi, bas na kai wa Zakopane a gindin duwatsun Tatra cikin awa biyu zuwa uku, gwargwadon cunkoson hanya. Tafkin Morskie Oko na da kyau ƙwarai, amma daga inda mota ke tsayawa akwai tafiyar kilomita tara zuwa, tara dawowa, don haka sai an yi sammako sosai. Wanda bai iya wannan ba ya hau jirgin tudu zuwa Gubałówka ya kalli duwatsun daga can, ya ɗanɗani oscypek, cukun tumaki mai ƙanshin hayaƙi. Mafi kusa shi ne gandun Ojców, kimanin kilomita 25 arewa da gari, kwari ne mai duwatsun farar ƙasa da fadar Pieskowa Skała. Motocin can ba su da yawa, ka san lokacin ta ƙarshe kafin ka nutsa cikin daji.

Idan kuwa ƙafa ta ce ta gaji, ka hau tiram zuwa Podgórze ka taka tudun Krakus da yamma. Ba a biyan ko sisi, kuma daga samansa za ka ga Wawel da hasumiyoyin dandali gaba ɗaya. Daga nan ka koma Sukiennice ka yi tsarabarka. Dutsen bursztyn na jabu ya yi yawa, ka saya a shagon da zai ba ka takardar shaida. Ragowar zulotinka kuma ka kashe shi ko ka canza a Kantor kafin ka tafi filin jirgi, domin da wuya ka sami ɗan canjin da zai karɓe shi a gida.